Kafin Likita Ya Sa Maka Ƙarfe A Baki

Laccar da aka yi wa 'yan kasuwa da marina a Ƙofar Mata, birnin Kano

 Mun gode muku da kuka baro rumfunanku kuka taru a nan, mun kuma gode wa dattawan karofi da suka ba mu wurin tsayawa. Yau kan haƙori za mu yi magana, watau abin da ya kamata mutum ya yi da abin da ya kamata ya bari, tun daga ran da likita ya ce za a cire masa haƙori ko za a yi masa aiki a muƙamuƙi, har ya zuwa sa'ad da zai hau kujera ya buɗe baki. Mun hangi waɗansu suna murmushi. To, wanda bai taɓa kwana a zaune dafe da kunci ba, shi ne zai ɗauki abin wasa.

Ba a banza muka zaɓi wannan ƙofa ba. Ga asibiti nan kusa da mu, wanda aka gina tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kuma sa masa sunan Janar Murtala Muhammed bayan da aka kashe shi a 1976. Akwai sashen haƙori a ciki, akwai kuma wani a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda aka kafa a 1988. Kowace safiya mutanenmu na Rimi da Kurmi da Kwari da Ƙofar Wambai suna bin layi a waɗannan wurare. Cikinmu da muka tsaya a gabanku akwai waɗanda suka daɗe suna aikin asibiti, akwai kuma waɗanda ba su san kome ba sai zaman benci da kati a hannu, sabo da haka mun san abin ta fuska biyu.

Ga abin da muka lura da shi. Ɗan kasuwa yini shi ne jarinsa. In ya rufe rumfa yau ba wanda zai biya shi cinikin yau, ba shi da albashi, ba shi da hutun ciwo. Don haka in aka sa masa rana a asibiti, babu abin da ya ke tsoro kamar a ce masa, "Koma gida, ka dawo wani mako." Wannan tsoro shi ke sa mutumin kirki, wanda ba ya tauye mudu, ya yi wa likita ƙarya. A tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a. A tambaye shi ko ya ci wani abu da safe, ya ce a'a. Shi a ganinsa wayo ya yi, bai san da ransa ya ke caca ba. Ba mu kuwa ɗora masa laifin duka ba, gama sau da yawa a tsaitsaye a ke ba shi umurni, ko a miƙa masa takarda da Turanci, ba wanda ya zauna ya gaya masa dalili. Mutum kuwa in bai san dalilin doka ba ya kan ɗauka mulki kawai a ke nuna masa. Dalilan nan su muka zo mu faɗa.

Da farko ku sani aikin baki iri biyu ne, kuma dokar abinci ta wannan kishiyar ta wancan ce. Nan ne jama'a suka fi ruɗewa, domin kowa abin da aka gaya wa maƙwabcinsa ya ke bi, alhali kuwa ba aiki ɗaya za a yi musu ba.

Iri na farko, wanda shi aka fi yi, shi ne a yi maka allura a dasashi, wurin ya mutu, kana zaune idonka biyu, kana jin ana taɓawa ana girgizawa amma ba ka jin zafi. Maganin da aka fi yin wannan allura da shi, lidoken, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943. In irin wannan za a yi maka, karya kumallo kafin ka fito. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mun sha ganin ƙato, ɗan dako wanda ya ke saɓa buhun gero kamar wasa, ya zo da yunwa domin an ce masa ba a cin abinci in za a je asibiti, ya yi awa 3 a layi, ga fargaba ga zafi, yana ganin allura sai gumi ya keto masa, ya sulale ƙasa sumamme. Jama'a su ce allura ta ka da shi, alhali yunwa ce da tsoro. Ban da wannan, bayan an gama leɓe da harshe su kan yi awa 2 zuwa 4 a mace, in ka ce za ka ci wani abu sai ka ciji kanka ba ka sani ba. Wanda ya zo bai karya ba ya yi yini guda ke nan ciki wayam.

A nan maganar azumi ta shigo. Hukuncin ko allura ko jinin baki yana karya azumi, wannan na malamai ne, su za ku tambaya. Mu abin da mu ke roƙo, in kana azumi, na watan Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis, ka faɗa tun ran da a ke rubuta maka rana. In aikin ba na gaggawa ba ne a kan iya ɗaga shi, gama bayan an cire haƙori za ka bukaci ruwa da maganin ciwo.

Iri na biyu shi ne a sa ka barci ɗungum, ba ka san inda ka ke ba sai ka farka an gama. A kan yi wannan in aikin babba ne, kamar muƙamuƙi ya karye a haɗarin mota, ko ƙari ya fito a ƙashi, ko turmin ƙarshe, wanda ya kan fito tsakanin shekara 17 da 25, ya kwanta a karkace can cikin ƙashi ya ƙi hudowa, ko kuwa ƙaramin yaro wanda ba zai zauna a yi masa ba. Akwai kuma na tsaka-tsaki, allura a jijiyar hannu wadda ke sa mutum ya yi laushi yana gyangyaɗi. Shi ma ɗauke shi kamar na barci, sai fa in likita ya ce maka wani abu dabam. Waɗannan su ne a ke hana wa abinci, kuma hanin nan ba shi da wasa ko kaɗan.

Ku dubi wannan ƙofa da mu ke tsaye a bakinta. A zamanin da, kowace ƙofar birni da sarkin ƙofarta, shi ke rufewa da dare, shi ke sanin wanda ya shiga. To, a maƙogwaron ɗan Adam hanya biyu ce, ɗaya ta nufi ciki, ɗaya ta nufi huhu, kuma ta huhu tana da mai gadi. Duk wanda ya taɓa ƙwarewa da ruwa ko ƙwayar shinkafa ya san shi: nan da nan hanya ta rufe, tari ya sarƙe ka har hawaye, abin ya fito. Ko a barcin dare mai gadin nan ba ya runtsawa. Amma maganin sa barci na asibiti har shi ya ke kwantarwa. In akwai abinci a ciki, ya taso, ba mai tare shi, sai ya gangara huhu. In mai gudaji ne ya toshe numfashi nan take, in kuwa ruwa ne, ruwan ciki yana da tsami mai ƙuna, ya ƙone huhu kamar yadda ruwan toka mai ƙarfi ke cin hannun marini. Ga shi kuma aikin a baki a ke yi, a daidai mahaɗar hanyoyin nan biyu.

Ba zato mu ke faɗa muku ba. A 1946 wani likitan haihuwa a Amurka, sunansa Mendelson, ya bi takardun mata 44,016 da suka haihu a wani asibiti na birnin Niyu Yok daga 1932 zuwa 1945. Ya samu mata 66 abin da ke cikinsu ya shiga huhunsu sa'ad da aka ba su maganin barci. Biyu suka mutu, dukansu kuwa gudajin abinci ne ya shaƙe su, sauran da yawa suka sha jinyar huhu mai tsanani. Tun daga rubutun nan nasa dokar hana abinci kafin tiyata ta kafu a asibitocin duniya.

Ma'aunin da likitocin sa barci su ke bi yanzu shi ne awa 6 ba abinci, in kuwa abincin mai nauyi ne, kamar nama ko soyayye ko tuwo da miya mai maiƙo, awa 8. Farin ruwa zalla a kan bari a sha har ya rage awa 2. Misali in ƙarfe 10 na safe za a shiga da kai, ci tuwon darenka ka kwanta, da asuba ka sha ruwa in kana so, daga ƙarfe 8 kuma ko ɗigo kada ya wuce maƙogwaronka. Waɗansu asibitoci su kan ce daga ƙarfe 12 na dare kada ka sa kome a baki, domin ba su tabbata wa za a fara shiga da shi ba. In haka aka ce maka, bi nasu, bar namu.

Sai dai akwai wani tarko wanda harshenmu ne ya ɗana mana shi, muna so ku kasa kunne. Mu Hausawa ba mu cewa mun ci koko, shan koko mu ke yi. Muna shan kunu, muna shan fura, muna shan shayi da madara, har mangwaro da rake da kankana sha mu ke yi. To, sai nas ta tambayi dattijo, "Baba, ka ci abinci?" ya ce, "Wallahi ban ci kome ba," kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa, alhali kuwa ya shanye kofin koko a bakin Kasuwar Rimi yana tahowa. Ciki bai san wannan bambanci ba. A wurin likitan sa barci koko abinci ne, kunu abinci ne, fura da nono abinci ne mai nauyi, madara ko cokali ɗaya ce a cikin shayi ta mai da shi abinci. Ruwan da a ke nufi shi ne wanda in ka zuba a kwalba kana hangen hannunka ta bayansa. Goro ma haka. Mutanenmu su kan ce goro ai ba ci ba ne, ɗebe kewa ne, amma kuwa tuƙarsa ciki ta ke tafiya. Muna roƙon ma'aikatan asibiti da ke cikin wannan taro su riƙa tambaya, "Me ka ci, me ka sha, yaushe?" kada su tsaya a kan ci kaɗai.

Iyaye mata, ku ne wannan doka ta fi yi wa wuya, mun sani. Yaro yana kuka yana miƙa hannu, uwa ba ta iya kallo. Nonon uwa a kan tsai da shi awa 4 kafin aiki, madarar gwangwani awa 6, kamar abinci. Uwa ta kan daure, amma sai kaka ta zo da tausayi ta saƙa masa biskit a hannu a bayan benci, ko yayansa ya gutsura masa ƙuli-ƙuli. Sabo da haka ran aikin a sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai tsaron bakin yaron, a kuma caje aljihunsa.

To, in an yi kuskure an ci fa? A faɗa. Wannan ita ce maganar da muka fi so ku tafi da ita gida. In ka faɗa, iyakar abin da zai faru a mai da kai bayan layi zuwa la'asar, ko a sa maka wata rana. Ku 'yan lissafi ne, ku auna da kanku: cinikin yini ɗaya a wannan hannu, a wancan kuma jinyar huhu ta makonni a gadon asibiti da kuɗinta, in ma an tashi ke nan. Ba ɗan kasuwar da zai karɓi wannan ciniki in an baje masa shi a fili.

Bari mu ɗan ratse. Maganin sa barcin nan likitocin haƙori ne suka fara nuna wa duniya amfaninsa. A watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horas Wels, ya shaƙi wata iska ya sa aka cire masa nasa haƙorin bai ji zafi ba. Ran 16 ga Oktoba 1846 wani kuma, Wiliyam Moton, ya sa mutum barci a gaban taron likitoci a birnin Bostan aka yanke masa ƙari a wuya. Kafin nan sai dai ƙarti su danne mutum. Alheri ne babba, amma wuƙa ce mai kaifi biyu. A Ingila, bayan an yi ta rasa rayuka, har da na yara, a kan kujerar likitan haƙori, daga farkon 2002 aka hana sa mutum barci ɗungum don aikin haƙori sai a cikin asibiti. In ƙasa mai wadatar likitoci ta ga haka, mu a nan kada wani ya yarda a kwantar da shi ko ɗansa a bayan kanti ko a wani ɗaki, inda ba likitan sa barci, ba tukunyar iskar oksijin, ba na'urar zuƙe amai. Tambayi wa zai sa ka barci, wa kuma zai tsaya a kanka har ka farka.

Mu koma kan tambayoyin da a ke yi maka ran da a ke buɗe kati. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shawararmu ita ce ka tattara duk maganin da ka ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, kowanne da kwalinsa ko ledarsa, ka zube a teburin likita. Kada ka ce "wata 'yar farar ƙwaya", fararen ƙwayoyi sun fi dubu.

Dalili na farko jini ne. In an cire haƙori rami a ke bari a ƙashi, ba kuwa abin da ke toshe shi sai jinin da ya daskare a ciki. Asfirin yana raunana daskarewar jini, kuma aikinsa ya kan kai kwana 7 zuwa 10 a jiki bayan an sha. Mutanen kasuwa da yawa suna shan asfirin ba su sani ba: yana cikin garin Alabukun, ya kan kuma shiga cikin haɗin ciwon jiki da a ke ƙulla wa mutum a kemis in ya tashi daga aiki. Amma ku ji ɗaya gefen, kada a ce mu muka ce. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wafarin sabo da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya kuskura ya daina da kansa don za a cire masa haƙori. Jinin baki ana iya tsai da shi da auduga da ɗinki, amma gudan jini in ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa an yi neman gira an rasa ido. Mai shan wafarin a kan gwada jininsa cikin kwana 1 zuwa 3 kafin aiki, likita ya duba ya yanke shawara. Naka shi ne ka faɗa, hukunci nasa ne.

Har wa yau a kan jini, ka tuna tarihin gidanku. In an taɓa yi maka kaciya ko ƙaho jini ya ƙi tsayawa, ko an yi haka ga ɗan'uwanka ko kawunka na wajen uwa, ko mace ta kan zubar da jini fiye da kima a haila ko haihuwa, wannan labari ne da likita ya ke bukata fiye da sunan unguwarku. Jiƙo da tsimi da sassaƙe su ma a faɗe su. Ba raina su mu ke yi ba, amma ba wanda ya auna ƙarfinsu, waɗansu kuwa suna taɓa jini ko hanta, shi ya sa likitocin sa barci su kan so a ajiye su kamar mako 2 kafin babban aiki.

Akwai wanda ya fi wuyar faɗa. Mun san a cikin samarinmu, har da waɗansu magidanta da matan aure, akwai masu shan taramol ko kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari da shi da shigo da shi a 2018, akwai masu shan wiwi, akwai masu shan giya a ɓoye. Ba wa'azi muka zo yi ba yau. Jikin da ya saba da waɗannan ba ya karɓar maganin barci da maganin ciwo kamar sauran jikuna, ma'aunin da zai ishi wani shi ba zai ishe shi ba, ko kuwa su haɗu su danne masa numfashi. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. In mahaifinka ne ya rako ka, ce kana so ka ga likita kai kaɗai.

Masu ciwon suga, ku nemi a sa ku da sassafe. In allurar dasashi ce, ku ci abincinku ku sha maganinku kamar kullum. In na barci ne, lalle ku tambaya yadda za ku yi da ƙwayar safe ko allurar insulin, gama wanda ya sha maganin rage suga sa'an nan ya ƙi cin abinci, sugansa na iya faɗuwa har ya fita hayyacinsa. Masu hawan jini galibi a kan ce su haɗiye ƙwayarsu da kurɓi ɗaya na ruwa, amma akwai irin da a ke ɗagawa ran aiki, don haka a nuna kwalin. Kada wanda aka auna ya ga an ce jininsa ya hau a dawo da shi ya yi fushi, gama cikin allurar dasashi a kan sa wani sinadari mai sa zuciya sauri. Masu sikila kuwa, watau amosanin jini, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 ana haifar kimanin 150,000 a Nijeriya kowace shekara, ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska su ke ta da ciwonsu, sabo da haka ba a barinsu su daɗe ba ruwa, a kan shirya musu dabam. Wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na roba ko na ƙarfe a kan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta minti 30 zuwa awa 1 kafin a taɓa haƙorin. Asma, farfaɗiya, ciwon hanta, ciwon ƙoda, da maganin da ya taɓa sa maka borin jini ko kumburin fuska, musamman penisilin, duk a faɗa.

Mata, mun san al'adarmu, ƙaramin ciki ba a faɗarsa ko ga uwa. A asibiti a faɗa, ko da zato ne kawai, domin akwai magungunan da ba a ba mai juna biyu, kuma aikin da ba na gaggawa ba an fi so a yi shi a watanni uku na tsakiya. In kunyar likita namiji ki ke ji, ki raɗa wa nas.

Kamar yadda likita ya ke da hakkin ya ji gaskiya daga gare ka, haka kai ma ka ke da hakki a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci ciwonsa, da hanyoyin maganinsa, da haɗarinsu da kuɗinsu, kuma in da hali da harshen da ya ke ji, gwargwadon karatunsa. Watau ba alfarma ka ke roƙo ba in ka ce a yi maka da Hausa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar yarda sai an karanta maka. Tambayi allurar dasashi ce ko barci. Tambayi kuɗin duka, da na hoto da na gwajin jini da na magani, kada ka zo da rabi a tsaya ana buga waya kana zaune da yunwa. In turmin ƙasa ne tambayi ko saiwarsa tana kusa da jijiyar leɓe, domin hoton da a ke ɗauka wannan ya ke nunawa. Sa'an nan in ka hau kujera sa yatsa ka nuna haƙorin, ku yi ittifaƙi da likita a kansa. Baligi haƙori 32 gare shi, wanda aka cire kuwa ba ya komawa.

Sauran ƙananan abubuwa ba za mu daɗe a kansu ba. Goge baki sosai da safe, da buroshi ko aswaki, ba tare da haɗiye ruwan ba in na barci ne. Masu taba, sigari ko ta gari, su ajiye ta tun kafin ranar, su kuma haƙura da ita kwana 3 bayan aiki, domin ita ce kan gaba wajen hana ramin warkewa. A sa riga mai sauƙin naɗe hannu, babbar riga ta zauna a gida. Mata su goge jan farce, gama a yatsa a ke maƙala na'urar auna iskar jini. Alhazai da hajiyoyi su nuna haƙorin Makka, haka mai haƙorin roba da mai haƙori mai girgiɗi, don kada ya fita ya bi maƙogwaro sa'ad da a ke sa bututun numfashi. In mura ko tari ko zazzaɓi ya kama ka, ko yaron, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, je ka faɗa tun da wuri.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shirin dawowa ma tun jiya a ke yinsa. Wanda za a sa barci ko a yi wa allurar jijiya lalle ya zo da babban mutum wanda zai kai shi gida ya kwana kusa da shi, ba almajiri ko ɗan shekara 10 ba. Har awa 24 maganin bai gama sakin ƙwaƙwalwa ba, ko da mutum yana jin garau. Cikin awoyin nan kada ya tuƙa mota ko babur ko Adaidaita Sahu. Marini kada ya matsa kusa da bakin rijiyar baba, kun fi mu sanin zurfinta. Ɗan kasuwa kada ya ƙulla babban ciniki, kada ya ba da bashi, kada ya sa hannu a takarda, ya bar wa yaron shago ko abokin rumfa. Ko wanda allurar dasashi kawai aka yi wa, in mabugi ne ko ɗan dako, ya nemi wanda zai riƙe masa aiki yini ɗaya ko biyu, gama sunkuyo da ɗaga nauyi suna ɓalle jini. A tanadi kunu ko koko mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Audugar da aka sa maka cije ta minti 30, kada ka kuskure baki ko ka yi ta tofar da yawu a yinin farko, washegari ka fara da ruwan ɗumi da gishiri a hankali.

Mun san wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga wanzami da awartakinsa, ba kati ba layi. Wanzamai iyayenmu ne, sun yi wa jama'a aiki tun ba asibiti. Amma ba su da abin auna jini, ba su da hoto, in saiwa ta karye a ƙashi ba yadda za su yi. Kayan asibiti kuwa a tukunyar tururi a ke dafa su, zafi digiri 121 har minti 15 ko fiye, domin binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na baligan ƙasar nan suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai bin jini, yawancinsu kuwa ba su sani ba. Goge ƙarfe da tsumma ba ya kashe ta.

Saura abu ɗaya, shi ne lokacin da ba a jiran ranar da aka rubuta. Akwai magana a gari cewa ba a taɓa haƙori sai kumburi ya saɓe, sai mutum ya zauna gida yana cusa kanumfari yana ɗaure fuska da rawani. In kumburin ya tsaya a dasashi, da sauƙi. Amma in ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar katako, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, harshe ya fara tasowa, murya ta sake, ga zazzaɓi, ko kuwa ya hau sama ya rufe ido, to mugunya ce ta bar haƙori ta bi wuya. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma yana iya toshe numfashi cikin dare ɗaya. Mai wannan kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman katin da ya ɓace, kada kuma a ba shi kunu wai ya sami ƙarfi, gama mai yiwuwa a shiga da shi tiyata nan take. A ɗauke shi a kai shi sashen gaggawa, a gaya musu ƙarfe nawa ya ci ko ya sha abu na ƙarshe.

Masu tambaya su matso gaba. Mata kuma ga 'yan'uwanmu mata can gindin ganuwa, za su saurare ku.